Maigida da Baƙonsa: Tarihin Masauki, Aro da Haya a Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin jihar Jigawa, ƙasa ce da ta daɗe tana saukar baƙi, domin tana zaune a kan tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa Borno da Kano, kuma a bakin hanyar da ke gangarowa daga Damagaram da ƙasar Mangari. Duk inda baƙi suka yawaita kuwa, dole a sami wanda aka ba ɗaki ko rumfa ko gona sannan ya zama ƙarfen ƙafa, ko dai ya ƙi biyan abin da aka yi alkawari, ko ya ɓata wurin, ko ya addabi maƙwabta, ko kuma ya wayi gari yana da'awar cewa abin da aka ara masa nasa ne. Abin da tarihin wannan ƙasa yake nunawa shi ne, ƙarfin mai wuri a kan irin wannan mutum bai taɓa dogara ga hannunsa shi kaɗai ba, ya dogara ne ga wanda ya kawo baƙon ya tsaya masa, da shaidun da suka halarci bayarwar, da kuma hukumar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita. Yawancin rigingimun haya na wannan zamani sun samo asali ne daga raunin da waɗannan ginshiƙai uku suka yi.

Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel wajen shekarar 1750 a ƙarƙashin Ɗan Juma, kuma ta kasance cikin ƙasashen da ke bin Borno, ba ta shiga daular Sakkwato ba ko bayan jihadin 1804. Hedikwatarta ta zauna a Tumbi, wanda yanzu yake cikin Jamhuriyar Nijar, kafin a dawo da ita garin Gumel gabanin tsakiyar ƙarni na 19. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya iso garin a watan Maris na 1851, zamanin Sarki Ɗan Tanoma, ya tarar da kasuwa mai cika wadda babban hajarta kanwa ce, wato gishirin nan da ake haƙowa a ƙasashen gabas da arewa maso gabas ana ba dabbobi ana kuma girki da shi, ya kuma lura cewa a nan ne kanwar ke sauya hannu tsakanin masu kawo ta daga wajen Borno da masu wucewa da ita yamma da kudu. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854 sai ya iske garin ya lalace saboda rikicin gadon sarauta. Wannan hawa da sauka yana da muhimmanci ga maganar masauki, domin garin da arzikinsa yake hannun baƙi yana iya cika a shekara ɗaya ya watse a ta gaba, kuma masu gidajensa sun koyi cewa baƙo ya fi ɗaki tsada.

Tsarin da ya riƙe irin wannan kasuwa shi ne na fatoma, wanda a wurare da yawa ake kira maigida kawai. Fatoma mutum ne mazaunin gari, sananne, mai zaure da ɗakuna da garke ko turaku, wanda yake saukar da falke ko mai dabbobi, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da masu saye ta hannun dillalansa, wato yaran da ke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Ribarsa tana cikin la'ada, wadda ita ce ɗan kason da ake fitarwa idan ciniki ya faɗa, da kuma kyautar da baƙo kan yi masa idan zai tafi. Polly Hill ta bayyana wannan tsari a kasuwar Kumasi a wata maƙala ta 1966, Abner Cohen kuma ya yi masa cikakken nazari a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, inda ya nuna cewa mahauta na karɓar shanu bashi, maigida ne kuma yake tsaya wa baƙonsa cewa kuɗin za su fito, idan suka maƙale shi zai nemo su ko ya biya. Shanun da ke isa Ibadan daga irin kasuwannin kan iyaka na arewa suke fitowa, kuma tsarin iri ɗaya ne daga wannan bakin hanya zuwa wancan.

Har yanzu ana iya ganin ragowarsa a Maigatari, inda kasuwar dabbobi ke ci ranar Alhamis. Tun daga Laraba masu kora ke shigowa da shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga wajen Dungas da Magarya da Damagaram, kowane ya nufi wurin maigidansa, sau da yawa wanda mahaifinsa ya saba sauka a gidansu. Washegari a kara, wato filin da ake cinikin dabbobi, dillali ne zai riƙe igiya, ya buɗe bakin sa a duba haƙora, ya kai kawo tsakanin mai dabba da mai saye har a sallama, amma idan daga baya wani ya zo ya ce san nan nasa ne sace shi aka yi, ba dillalin za a fara nema ba, maigidan da ya sauki wanda ya kawo san za a tambaya, domin shi ne ya san garinsu da danginsa da hanyar da ya biyo. Wannan nauyi ne ya sa fatoma ba ya saukar da wanda bai sani ba sai wani sananne ya kawo shi.

A irin wannan zama, baƙon da ya fitini maigida ba a fitar masa da kaya waje, domin wulaƙanta baƙo a bainar jama'a zubar da mutuncin gidan ne, kuma labarin zai riga mai gidan isa garuruwan da baƙinsa ke fitowa. Ana fara yi masa magana ne ta bakin wanda ya kawo shi ko babban ayarinsu. Idan bashi ya ci, kayansa da kuɗin cinikinsa suna hannun maigida, sai a cire abin da ake binsa a gaban shaidu. Idan halinsa ne ya munana, sai a lallaɓa har ya gama cinikinsa a sallame shi lafiya, amma idan ya dawo sai a ce masa babu wuri, sauran fatomomi kuma su ji dalili. Wannan ne hukunci mafi tsanani, domin falken da ba shi da maigida a kasuwa ba mai ba shi bashi, ba mai karɓar shaidarsa, ba kuma mai tsaya masa gaban sarkin kasuwa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma dukan tsarin an gina shi ne a kan wannan fahimta, cewa mutumin zai tafi, zai kuma so ya dawo.

Baƙon da ya zo da niyyar zama kuwa, hanyarsa daban ce. Wanda ya sauke shi zai kai shi wurin mai unguwa ko bulama, sunan da ake kiran shugaban ƙaramin ƙauye a ƙasashen da suka yi hulɗa da Borno, daga nan a sanar da dagaci. A kan ba shi zaure ko ɗakin da ba kowa, ba tare da an yanka masa kuɗi ba, har ya samu filin da zai kafa nasa. Haka ake yi wa malamin da ya zo da almajiransa, da ɗan cin rani, wato wanda ya bar garinsu bayan girbi domin neman abin da zai rage wa rumbu nauyi. Abin da ake jira daga gare shi shi ne ladabi da taimako a aikin gida ko gona. Idan ya saɓa, mai unguwa ne zai kira shi, kuma umarnin ya bar gari, wanda shi ne matakin ƙarshe, daga masu sarauta yake fitowa.

Inda rigima ta fi tsanani kuma ta fi daɗewa shi ne a kan gona. Ƙasar Gumel jigawa ce, rairayi mai saurin gajiya, ruwan sama kuma gajere ne marar tabbas, saboda haka manomi kan bar wani yanki ya huta, wanda ake kira saura, ko ya ba wani ya noma. Hanyoyin bayarwar sanannu ne a ƙasar Hausa baki ɗaya. Akwai aro, inda ake ba mutum gona ya noma ba da wani farashi ba. Akwai jingina, inda mai gona ke karɓar kuɗi ya miƙa gonar ga mai kuɗin har ranar da zai fanshe ta. Akwai haya ta kuɗi na damina ɗaya ko fiye. Akwai kuma noman raba amfani, wanda ake kira kashe-mu-raba. Mai aron da ya fi ba da tsoro ba shi ne malalaci ba, shi ne mai ƙwazon da ya daɗe, ya zuba taki, ya gyara iyaka, ya haifi 'ya'ya a kan gonar, har waɗanda suka shaida bayarwar suka mutu, 'ya'yansa suka tashi ba su san wata gona tasu ba sai ita.

Maganin da al'ada ta tanada domin wannan yana da sauƙi, kuma yana da hikima. Bayan girbi mai aro zai ɗauki damin gero ko na dawa, ko 'yan kwanoni na wake, ya kai ƙofar gidan mai gona da rana tsaka, mutanen da ke zaune a dakali suna gani, a yi godiya a yi addu'a. Damin ba ya kai darajar hayar gonar ko kusa, kuma mai gona mai wadata yana iya bayar da shi sadaka nan take, amma ba ya cewa a daina kawowa, domin kowace shekara damin yana sabunta shaidar cewa gonar tana da mai ita. Haka kuma ba a barin mai aro ya haƙa rijiya ko ya dasa itace mai daɗewa ko ya kafa gini sai da izini, kuma amfanin itatuwan da ke cikin gonar kan zauna a hannun mai ita. Wasu masu gonaki kan karɓe gonar bayan 'yan shekaru su ba mai aron wata, ba don ya yi laifi ba, sai don kada zamansa a wuri ɗaya ya yi tsawon da zai zama hujja. A ɗaya ɓangaren al'adar ta kare mai aro: ba a tashinsa bayan ya yi shuka sai ya girbe, ana sanar da shi tun da rani kafin sharar gona, kuma wanda ya zuba taki mai yawa akan bar shi ya ci moriyarsa. Mai gonar da ya karɓe gona da shuka a tsaye, ko da gaskiyarsa, ya jawo wa kansa zargin gari.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin shari'ar da alƙalan Gumel suke hukunci da ita, wato fiƙihun mazhabar Malikiyya, wanda ake karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. A cikinsa akwai hukuncin hauzi, wanda ke nufin daɗewar abu a hannun mutum yana sarrafa shi kamar nasa: idan wanda ba dangi ba ya riƙe ƙasa shekara 10, mai da'awar mallakarta yana nan yana gani, bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, to ba a sauraron ƙararsa bayan haka, tsakanin dangi kuwa wa'adin yana kaiwa shekara 40. Sai dai hauzi ba ya aiki idan an tabbatar cewa aro ne ko haya ko jingina ya kai ƙasar hannun mai riƙe da ita, komai daɗewa. Saboda haka shari'ar gona kan tsaya a kan tambaya guda, wato ta yaya gonar ta shiga hannunsa, amsar kuma tana bakin maƙwabtan iyaka da dattawan da suka ga damin yana zuwa. Mai gonar da kunya ko sakaci ya sa ya yafe damin shekara da shekaru, shi ne wanda jikokinsa ke rasa gonar.

Wannan fiƙihu ya yi bayani dalla-dalla a kan ijara, wato sayar da amfanin abu na wani lokaci a kan sanannen lada, kuma da yawa daga masu gidajen haya na yanzu za su yi mamakin yadda ya riga su tunanin matsalolinsu. Ya raba haya gida biyu: wadda aka yanka wa wa'adi, wadda ta zama dole a kan kowa har wa'adin ya cika, da wadda aka ce kowane wata kaza ba tare da an ambaci ƙarshe ba, wadda kowane ɓangare zai iya warwarewa, in ban da gwargwadon abin da aka riga aka biya. Mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta rushe haya mai wa'adi, magada ne ke ci gaba da ita. Ɗan haya amintacce ne a kan abin da ke hannunsa, ba ya biyan abin da ya lalace sai idan ya wuce iyaka ko ya yi sakaci. Game da ɗan hayan da ya bayyana fasiƙi, mai cutar da maƙwabta da shaye-shaye ko tara ɓata-gari, Khalil ya tafi a kan cewa wannan kaɗai ba ya warware hayar, hukuma ce za ta hana shi, idan ya ƙi hanuwa sai ta fitar da shi ta ba wani hayar wurin a madadinsa. Ma'anar wannan ita ce mai gida ba ya asarar kuɗinsa, maƙwabta sun huta, fitarwar kuma ta zo daga hannun alƙali. A kan gona ma mazhabar ta yi la'akari da ƙasa irin ta Gumel, domin ta hana sharɗanta biyan kuɗin haya tun gaba a kan gonar da ba a da tabbacin za ta sha ruwa, ta kuma sauke kuɗin daga wuyan manomi idan fari ne ya kashe shukar. A wasu wurare al'ada da littafi sun saɓa: malamai sun daɗe suna sukar jinginar da mai kuɗi ke cin amfanin gona bashinsa kuma yana nan cif, suna ganinta bashi ne da ya jawo riba, kamar yadda mazhabar ba ta yarda a yi hayar ƙasa da abincin da take fitarwa ba. Duk da haka buƙata ta sa mutane ba su daina ba.

Zuwan Turawa ya sauya ƙasar da wannan tsari ke tsaye a kai. Sarkin Gumel Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila a 1903, aka sa masarautar cikin Lardin Kano, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 kuma suka ja iyakar da ta raba Gumel da wani ɓangare na tsohuwar ƙasarta, abin da ya mai da Maigatari garin kan iyaka. Dokar ƙasa ta 1910 ta ɗora dukan filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, ko da yake a ƙauyuka dagatai da hakimai ne suka ci gaba da rabawa da sasantawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya tafi Nguru kuma, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, sai cinikin gyaɗa ya kawo 'yan baranda da ma'aikatan kamfanoni da leburori, mutanen da ba fatake ba ne masu kawo la'ada, ba kuma manoma ba ne masu neman zama. Irin waɗannan ba abin da za su ba mai ɗaki sai kuɗi, daga nan ne hayar ɗaki da ta shago ta fara zama sana'a mai zaman kanta. Amma harajin da masu unguwanni ke tarawa ya sa sanin wanda ke kwana a kowane gida ya zama aikin hukuma, don haka baƙo bai ɓace wa idon sarauta ba.

Bayan samun 'yanci abubuwa suka yi ta sauyawa da sauri. Farin 1973 da na 1984 sun koro jama'a da yawa daga karkara da kuma Nijar zuwa garuruwa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon masarautu, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye ga gwamnan jiha, ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara, a 1979 kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kano, wadda Gumel ke cikinta. Soke harajin sauƙi ne babba ga talaka, amma ya tafi da dalilin da ke sa mai unguwa ƙidaya mutanensa gida-gida. Kwalejin horar da malamai ta Gumel, da ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, da ƙaruwar sakatariyoyin ƙananan hukumomi sun kawo ɗalibai da ma'aikata da jami'an tsaro da na kwastan, waɗanda ake iya yi wa canjin wurin aiki cikin dare ɗaya. Wanda ke haɗa su da mai gida yanzu shi ne ejan, dillalin gidaje, wanda ya bambanta da fatoma ta fuska mai muhimmanci: yana karɓar la'adarsa ranar da aka biya kuɗi, bayan haka babu abin da ya hau kansa idan ɗan hayan ya zama matsala. Karɓar kuɗin shekara guda tun gaba, wanda ya zama ruwan dare, ƙoƙari ne na cike gurbin mai tsayawa da kuɗi, kuma yana kare mai gida ne na shekarar farko kawai.

Dokokin karɓar gida daga hannun ɗan haya da jihohin Arewa suka gada sun shimfiɗa hanya mai matakai. Idan babu wata yarjejeniya da ta faɗi wani abu daban, mai biyan mako-mako ana ba shi notis, wato sanarwar tashi a rubuce, na mako ɗaya, mai biyan wata-wata na wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku na wata 3, mai biyan shekara kuma na wata 6. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wata sanarwar ta kwana 7 cewa mai gida zai kai ƙara, daga nan sai kotu, kuma ma'aikatanta ne ke fitar da shi idan hukunci ya tabbata. Kuskure a lissafin kwanakin notis kan sa a kori ƙarar a koma farko, wannan ne ya sa masu gidaje da yawa ke ganin hanyar ta yi tsawo, har wasu su yanke wuta, ko su cire ƙofa, ko su kware kwanon ɗaki da damina, ko su kai ƙara ofishin 'yan sanda a kan maganar da ba ta laifi ba ce. Duk waɗannan suna mai da mai gaskiya mai laifi, domin ɗan hayan yana iya neman diyya. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tsawatar a kan ɗaukar doka a hannu a shari'ar 1986 tsakanin Gwamnan Soja na Legas da Cif Odumegwu Ojukwu, inda ta ƙi amincewa da yadda gwamnati ta fitar da shi daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin jami'ai alhali magana tana gaban kotu. Abin da aka hana gwamnati ba a halatta wa mai ɗaki huɗu a bayan tasha ba. Mai kware kwano yakan ɗauka cewa yana amfani ne da ikon da kakanninsa ke da shi a kan gidajensu, alhali kuwa ba al'adar Gumel ba, ba Khalil ba, ba dokar zamani ba, babu wanda ya taɓa ba shi wannan iko.

A aikace, mafi yawan rigingimun haya a waɗannan garuruwa ba sa kaiwa kotu, ko ta majistare ko ta shari'ar Musulunci da jihar ta sake wa fasali a shekarar 2000. Ana kashe su ne a zauren mai unguwa ko gaban liman ko shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, kuma sulhun da aka fi yi shi ne mai gida ya yafe wani ɓangare na bashin, ɗan haya kuma ya sa ranar tashi a gaban shaidu. Masu gidajen da suka fi zama lafiya su ne waɗanda suka haɗa tsohuwar hanya da sabuwa: ba sa ba da makulli sai wani sananne a gari ya tsaya wa mai nema, ko shugabansa a wurin aiki, suna rubuta yarjejeniya da ta faɗi kuɗi da wa'adi da wanda gyara ya hau kansa da yawan mutanen da za su zauna, suna ba da rasit a kan kowane biya, suna kuma yin magana tun watan farko da aka yi jinkiri. Rasit a nan yana yin aikin da damin gero ke yi a gona.

Maigatari ta ƙara wa maganar wata fuska da ba a cika gani a wasu garuruwa ba, domin kuɗin hayar shagunanta da ɗakunan ajiyarta suna bin buɗewa da rufewar iyaka. An rufe iyakokin Nijeriya daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufe su a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, lokacin da Maigatari ta kasance cikin mashigai huɗu na farko da aka buɗe, sannan aka kuma rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023 har zuwa Maris na 2024. A kowane karo, ɗan kasuwar da bai taɓa saɓa alkawari ba yakan wayi gari ba ciniki. Shari'a ta bambanta mawadacin da ke taurin bashi, wanda jinkirinsa zalunci ne, da wanda ƙunci ya kama, wanda Alƙur'ani ya yi umarni a cikin Suratul Baƙara a saurara masa har ya samu sauƙi. Mai shagon da ya kasa rarrabe su yakan kori mutumin kirki a lokacin da ba wanda zai maye gurbinsa, shagon ya zauna a rufe, idan iyaka ta buɗe kuma ɗan kasuwar ya kai cinikinsa da abokan hulɗarsa wurin wani.

Tsohuwar tambayar aro ta sake tasowa a Gagarawa da kewayenta a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, lokacin da gwamnatin jiha ta ware kimanin hekta 12,000 domin noman rake da kafa masana'antar sukari, manoma da dama kuma suka nuna rashin amincewa. Dokar 1978 ta tanadi diyya ne a kan amfanin da ke kan ƙasa da gyaran da aka yi mata, ba a kan ƙasar kanta ba, kuma a duk inda aka zo biyan irin wannan diyya dole a tantance wane ne mai gona, wane ne mai aro, wane ne ya karɓi jingina, alhali mafi yawan waɗannan ma'amaloli da baki aka ƙulla su, shaidunsu kuma tsofaffi ne. Darajar da ƙasa ta yi ta sa masu gonaki da yawa yanzu sun fi son hayar kuɗi ta damina ɗaya a kan aro, wasu har da takarda da sa hannun dagaci, abin da ya rage ƙararrakin hauzi amma ya ƙuntata wa marar gona, wanda a da zumunci da dami ɗaya suka ishe shi samun inda zai noma, yanzu kuwa sai ya nemo kuɗi tun kafin ruwan farko ya sauka, a ƙasar da ba a da tabbacin ruwan zai kai shuka ga girbi.